Osimhen, Gyokeres, Watkins ko Sesko: wa ya kamata Man U ta ba lamba tara?

Ƙwallo 44 kacal Manchester United ta ci a wasa 38 na Firimiyar 2024/25, ta ƙare ta 15 da maki 42, an doke ta sau 18. Salah shi kaɗai ya zura 29. Waɗanda suka fi ci mana a lig su ne Bruno Fernandes da Amad Diallo, kowa 8, kuma a cikinsu babu sitiraika ko ɗaya. Hojlund ya ci 4, Zirkzee 3, wato 'yan lamba tara biyu da aka kashe wa sama da fam miliyan 100 sun haɗa 7 tsakaninsu. Shi yasa a watan Yunin 2025, lokacin da nake wannan rubutun, duk gidan kallon da ka shiga ko majalisar da 'yan Man U suke zama gardama ɗaya ake yi, ya za a sake gina gaban nan, kuma wa za a ɗora a tsakiyarsa.

An riga an fara aikin. Matheus Cunha ya zo daga Wolves a kan fam miliyan 62.5, ƙwallo 15 ya ci a lig. A Yunin 2025 ana ta ciniki da Brentford a kan Bryan Mbeumo mai 20, sun ƙi tayin farko amma yaron United yake so. Liam Delap da aka so ɗauka a kan miliyan 30 ya zaɓi Chelsea saboda su za su buga gasar Zakarun Turai mu kuwa ko Europa babu. Toh saura lamba tara, kuma a nan ne jama'a suka rabu, wasu Osimhen kawai suke son ji, wasu sun ce ai Gyokeres yaron koci Ruben Amorim ne, wasu na son matashi irin Sesko da za a more shekara goma, akwai 'yan tsiraru masu cewa Watkins, sai kuma masu cewa a bar kashe kuɗi a yi haƙuri da Hojlund da yaran akadami. Ni ra'ayina tun daga farko shi ne, duk wanda za a kawo ya zama babban mutum wanda ya gama koyon sana'arsa, ba yaron da zai zo Old Trafford ya fara koyo ba. Sauran maganar duk a kan wanene ne da kuma nawa.

Kafin a kira suna ya kamata mu san aikin da za a ba mutumin. A 2025 Amorim da 'yan baya uku yake wasa, mutum biyu a gefe suna hawa suna sauka, biyu a tsakiya, sai 'yan lamba goma biyu a bayan sitiraika ɗaya. Babu wingogi na asali da za su tsaya a layi su riƙa yanke mutane suna jefo kuros. Kaga shi wannan ɗayan na gaba shi kaɗai ne tsakanin difenda biyu ƙatta, dole ya iya karɓar ƙwallo ya ba raga baya ana turinsa ya riƙe ta har 'yan uwansa su iso, dole ya iya ballewa gefe da gudu a jefa masa doguwa, dole in Dalot ko Dorgu sun samu sun ɗago ta ya sa mata kai. Ku tuna wasan ƙarshe na Europa a Bilbao ranar 21 ga Mayun 2025. Tottenham sun ci ƙwallo ɗaya mai ƙazanta kafin hutun rabin lokaci, Brennan Johnson ya taɓa ta bugi Luke Shaw ta gangara raga, daga nan suka koma gida suka kulle ƙofa. Ƙwallo tana ƙafarmu kusan duk wasan, ana ta juya ta daga dama zuwa hagu, ka duba cikin akwatin ka ga Hojlund shi kaɗai Romero ya riƙe masa riga, sau ɗaya ya samu ya sa kai gola ya fita, Van de Ven ya tashi sama ya kwashe ta a kan layi. Shi kenan. A wasan Lyon kuwa da aka ci 5-4 sai da aka tura Maguire gaba ya zama sitiraikan dole kafin a samu mai sa kai a minti na ƙarshe. Ƙungiyar da sai ta aro difenda kafin ta ci ƙwallo da ka ai ta faɗa maka abin da take nema.

Kuma dan Allah a daina zagin Hojlund kamar shi ya sayi kansa. Yaro ne ɗan shekara 20 da ya ci ƙwallo 9 a Serie A a Atalanta, aka biya fam miliyan 64 da ƙarin da zai iya kai shi 72, a shekarar da Harry Kane ya tashi daga Tottenham ya tafi Bayern, aka kawo shi aka ce kai ne za ka ɗauki United. Martial da ya kamata ya rage masa nauyi kullum yana jinya. Duk da haka kakarsa ta farko ya ci 16 a duk gasa, har ya jera wasa 6 na Firimiya yana ci. A ta biyu ne ya karye, ya yi wasa 21 bai ga raga ba sai a Leicester a watan Maris na 2025, kana kallonsa ka san tsoron ƙwallon yake, ya koma kokawa da difenda maimakon neman gurbi. Duk manomin da ya san shanun huɗa ba ya ɗaura wa ɗan maraƙi garma shi kaɗai, haɗa shi yake da babban sa ya ja shi har ya gane layi. Hojlund bai samu babban sa ba, abin da ya same shi kenan.

Tsohon kocinmu Alex Ferguson bai taɓa yin wannan gangancin ba. Mutane suna son kawo misalin Ronaldo da Rooney cewa ai yara ya saya 'yan 18, gaskiya ne, amma lokacin da suka zo a 2003 da 2004 Van Nistelrooy ne yake cin ƙwallayen, ga Giggs ga Scholes ga Keane, babu wanda ya ce su ne za su ciyar da gida. In kuma ƙwallo yake nema ta yanzu yanzu to cikin Firimiya yake shiga ya ɗauko wanda ya riga ya nuna kansa. Cantona daga Leeds a 1992, Andy Cole daga Newcastle a 1995, Sheringham daga Tottenham a 1997, Yorke daga Aston Villa a 1998, Saha daga Fulham, Berbatov daga Tottenham a 2008, sai Van Persie daga Arsenal a 2012 yana ɗan shekara 29 a kan fam miliyan 24, ana ta cewa ya tsufa ga yawan rauni, ya zo ya ci 26 a lig ya ɗauki takalmin zinare ya kawo kofi na 20. Har yau shi ne kofin Firimiya na ƙarshe da muka gani.

Toh mu ɗauke su ɗaya ɗaya. Victor Osimhen, shekara 26 a Yunin 2025. In maganar iya ƙwallo ce kawai wallahi babu gardama, ya fi sauran. Tun gasar 'yan ƙasa da 17 a Chile a 2015 da ya ci 10 aka san shi, ya je Wolfsburg bai ci ko ɗaya ba, bai karaya ba ya sauka Charleroi ya farfaɗo, Lille ta ɗauka, Napoli ta biya kuɗi mai yawa a 2020, a 2022/23 ya ci 26 ya kai su ga kofin Italiya na farko cikin shekara 33, aka ba shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2023. A 2024/25 a aro a Galatasaray ya ci 26 a lig, 37 gaba ɗaya, ya ɗauki lig da kofin ƙalubale. Abin da nake so a wasansa shi ne bai jiran a dafa masa. Ka jefa ƙwallo marar kyau sama, irin wadda 'yan bayanmu suka saba jefawa in an matsa musu, zai bi ta, zai yi tsalle ya fi difenda da kai guda, in bai samu ba zai bi gola har cikin akwatinsa ya hana shi sakat. Mutumin da ƙashin fuskarsa ya farfashe a wasan Inter a 2021 ya dawo da takunkumi ya ci gaba da cusa kai inda wasu ke tsoron sa ƙafa. Ƙungiyar da ba ta ƙirƙirar dama da yawa irin wannan take buƙata, wanda zai mayar da rabin dama ƙwallo. Masu cewa ai lig ɗin Turkiyya ne suna da hujja, Mbaye Diagne ya taɓa cin 30 a can ya zo West Brom bai yi wani abin kirki ba, Cenk Tosun ma Everton ta yi asara a kansa, amma Osimhen ba a Turkiyya ya yi suna ba, kuma wannan Tottenham ɗin da ta hana mu ci a Bilbao ya zura mata biyu a Istanbul a watan Nuwamban 2024.

Matsalarsa uku ce kuma kar son ɗan gida ya rufe mana ido. Na farko kuɗi. A 2025 Yuro miliyan 75 ne a rubuce a kwantiraginsa na Napoli, kuma Napoli ba ta cikin masu yin ragi, sannan ga albashi, a kan albashin ne cinikinsa da Chelsea ya watse a ranar ƙarshe ta kasuwar 2024, ga 'yan Saudiyya na zuba masa kuɗin da babu ƙungiyar Ingila da za ta iya. Jim Ratcliffe kuwa, ɗaya daga cikin masu United, da ya sallami ma'aikata ɗaruruwa yana kuka da cewa wasu 'yan wasan ana biyansu fiye da aikinsu, da wuya ya buɗe sabon babban albashi alhali a Yunin 2025 na Casemiro da Rashford da Sancho na nan a wuyansa. Na biyu jiki, a Napoli kusan duk kaka sai ya yi jinya ta makonni. Na uku zuciya, mutum ne mai zafi, kowa ya ga yadda ya fito a Instagram ya yi wa tsohon kocin Super Eagles Finidi George tas a 2024, kuma Old Trafford waje ne da 'yan jarida ke jiran ka yi tari su buga. Ni wannan na ukun bai dame ni sosai ba, gara mai zafin da zai yi faɗa in an ci mu da wanda za a ci mu 4 ya fita yana murmushi.

Sai wata magana da masu son Osimhen ba sa son a tayar, gasar cin kofin Afirka a Maroko, daga 21 ga Disambar 2025 zuwa 18 ga Janairun 2026, daidai lokacin da Firimiya ke buga wasa kusan duk bayan kwana uku. In Mbeumo ya zo zai tafi da Kamaru shi da Onana, Amad zai tafi da Kwaddebuwa, Mazraoui zai tafi da masu masaukin baƙi, ka ƙara Osimhen da Najeriya, kuma duk ƙasashen nan ba masu fita a zagayen farko ba ne, Najeriya da Kwaddebuwa su suka buga wasan ƙarshe a wadda aka yi a farkon 2024. Kaga za a wayi gari gaban da aka kashe wa kusan miliyan 200 saura Cunha kaɗai, gefen dama kuma babu kowa, har wasa biyar ko shida. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙungiyar da lig kaɗai gare ta.

Viktor Gyokeres, ya cika 27 a Yunin 2025. Lambobinsa suna da ban tsoro, 39 a lig ɗin Fotugal a 2024/25, 54 a duk gasa, ga uku rigis da ya yi wa Manchester City a watan Nuwamban 2024 aka tashi 4-1, a makon ƙarshe na Amorim a Sporting. Babbar hujjar masu sonsa ita ce ya san tsarin, Amorim ne ya ɗauko shi daga Coventry a 2023 ya gina wasan a kansa, ba sai an koya masa inda zai tsaya ba. Kuma ba ya rauni, ƙarfi gare shi kamar me, in ya ja ƙwallo ta gefen hagu ya sa kafaɗa sai dai ka bi shi a baya. Amma ku duba irin ƙwallayen. Da yawa fanareti ne, ko ukun City biyu daga ciki fanareti ne, kuma a United Bruno ke bugawa. Sauran mafi yawa fili ne a gabansa yana gudu, a lig ɗin da in ka cire Benfica da Porto da Braga sauran ba su da difendan da zai iya ture shi. A Ingila kowace ƙungiya tana da ƙato biyu masu gudu, kuma duk da tsayinsa ba gwanin sa kai ba ne, wanda shi ne ainihin abin da muka rasa a Bilbao. Tarihin 'yan gaba daga Fotugal ma bai ba da kwanciyar hankali, Slimani ya ci 27 a wannan Sporting ɗin ya zo Leicester ya ɓace, Darwin Nunez ya ci 26 a Benfica ya zo Liverpool magoya baya suka riƙa dafe kai in ya tunkari raga. Eh Bruno daga can ya zo, Luis Diaz ma haka, amma su ba lamba tara ba ne. Ga shi bai taɓa buga Firimiya ko minti ɗaya ba, Brighton ta riƙe shi shekaru ba ta sa shi a lig ba, abin da ya yi a Ingila a Championship ne inda ya ci 21 a kakarsa ta ƙarshe. Sannan abin da ya fi damuna, in ka sayi ɗan wasa saboda koci, ran da kocin ya tafi fa? Mun gani da tsohon kocinmu Ten Hag, ya kwaso yaransa na Ajax, Antony kaɗai ya ci sama da miliyan 80, Ten Hag ya tafi, Antony kuma a 2025 aka koma neman mai saye. Ƙari a kan haka labarin da ya yi ta yawo a Yunin 2025 shi ne hankalin Gyokeres na Arsenal, ga rigima tsakaninsa da shugaban Sporting a kan farashi. Ba na son a sake roƙon mutum ya zo.

Benjamin Sesko, shekara 22 a 2025, dogo ne sosai, yana da tsalle yana da gudu, in ya saki ƙafa daga nesa gola sai addu'a. Wanda ya kalli guntayen bidiyonsa a waya dole ya so shi, kuma na yarda nan da shekara uku ko huɗu zai iya zama cikin manyan duniya. Amma 14 ya ci a Bundesliga a kakarsa ta farko a Leipzig, 13 a ta biyu, kuma kuɗin da Leipzig za ta nema bai gaza na Osimhen ba. Jama'a wannan ai Hojlund ne aka sake yi wa fenti. Matashi, dogo, daga wata ƙasa, bai taɓa cin 20 a babban lig ba, a ɗora masa riga mai nauyi a ce ya cece mu. Lig ɗin Jamus kuma fili ne a buɗe, 'yan baya na hawowa har tsakiya, shi yasa Timo Werner ya ci 28 a wannan Leipzig ɗin ya zo Chelsea ya haɗa 10 a lig cikin kaka biyu, Haller ya gagara a West Ham, Nkunku ya sha zaman benci a Chelsea, mu kanmu mun ɗanɗana da Sancho na miliyan 73 wanda Chelsea ta gwammace ta biya tarar miliyan 5 ta dawo mana da shi. Za a ce Haaland fa, toh Haaland ƙungiyar da ta gama ginuwa ya shiga, De Bruyne na ajiye masa a faranti. Sesko a Arsenal ko Liverpool zai iya yin kyau. A United ta yanzu ina tsoron wata shida za a yi a fara zaginsa, mu lalata yaro na biyu bayan ba mu gyara na farko ba.

Ollie Watkins shi ne wanda in ka ambata a majalisa ake yi maka kallon ba ka da buri, amma ku tsaya ku ji. Tun da ya zo Villa a 2020 ga abin da ya ci a Firimiya, 14, 11, 15, 19, 16. Kaka biyar bai taɓa sauka ƙasa da 10 ba, ƙarƙashin Dean Smith da Gerrard da Emery, kowa da salonsa. A 2023/24 bayan 19 ɗin ya bayar an ci 13, babu wanda ya kai shi a lig ɗin. A 2024/25 ya wuce Agbonlahor ya zama wanda ya fi ci wa Villa a tarihin Firimiya. Shi ya shigo daga benci ya fitar da Holan a wasan kusa da na ƙarshe na Euro 2024. Ba ya yawan rauni, ba ya tafiya kofin Afirka, ya san kowane difenda a lig ɗin da halinsa, kuma ga wani abu da mutane suka manta, shi da Mbeumo sun yi kaka guda tare a Brentford a 2019/20 su da Benrahma, Watkins ya ci 25 Mbeumo 15, sun san gudun juna. Aibinsa a fili yake, zai cika 30 a Disambar 2025, duk abin da ka biya ba za ka mayar ba, yana ɓarar da wasu damar da za ka riƙe baki, kuma wasansa a kan gudu yake, ran da ƙafar ta rage shi kenan. Bai kai Osimhen ba, ko kusa. Amma in ka ce min in sa hannu a kan wanda zai ci 15 a kaka mai zuwa ko da ƙungiyar ba ta gyaru ba, a kansa zan sa. Villa ta ƙi tayin Arsenal a Janairun 2025, sai dai sun rasa gurbin Zakarun Turai a ranar ƙarshe ta kakar 2024/25, a Old Trafford ma aka yi, kuma dokar kashe kuɗi na matsa musu. Rashford ya yi rabin kaka a wajensu a aro, akwai hanyar da za a zauna a yi magana. Irinsa mai sauƙin kuɗi shi ne Mateta na Crystal Palace, 16 a 2023/24 da 14 a 2024/25, ƙato ne mai riƙe ƙwallo, ba zan yi fushi ba in shi aka kawo.

Masu cewa a koma akadami ina ganin girmansu, don tun 1937 ba a taɓa fitar da sunayen wasa babu yaron gida a ciki ba, kuma Rashford da kansa haka ya fito a 2016, rauni ya kama manya aka jefa shi ya ci Midtjylland biyu ya ci Arsenal biyu. Chido Obi, ɗan asalin Najeriya da aka haifa a Denmark aka ɗauko daga akadamin Arsenal, yana da ƙamshin raga, amma shekararsa 17 a Yunin 2025. A bar shi ya riƙa shigowa minti 15 in an ci 2-0, wannan shi ne gatan da za a yi masa. Abin takaicin ma shi ne dokar Firimiya ta mayar da yaran gida kayan sayarwa. A dokar da ake bi a 2025 ba a yarda ka yi asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku ba, kuɗin wanda ka saya ana raba shi a kan shekarun kwantiraginsa har biyar, amma in ka sayar da yaron akadami duk kuɗin riba ce a littafi nan take. Shi yasa aka sayar da McTominay wa Napoli, ya je ya ci 12 ya ɗauki kofi aka zaɓe shi gwarzon Serie A, mu kuma muna nan muna neman mai cin 10. Shi yasa kuma Garnacho da Rashford su ne makullin kasuwar 2025, sai sun fita kafin a iya maganar lamba tara da gaske, su da Antony da Sancho. Rashin kofin Europa ya tafi da kuɗin da ake ƙiyasta ya kai miliyan 100, babu wata rijiya da za a ɗebo.

Cunha da Mbeumo ma kar a ɗauka sun gama magance komai. Mbeumo kafin 2024/25 4 da 9 da 9 ya ci a Firimiya, 20 ɗin nan ita ce ta farko, zai iya komawa 12 ko 13 kuma ba laifi ba ne. Cunha gwani ne, yana ɗaukar ƙwallo daga tsakiya ya ratsa mutum uku, amma sau biyu aka dakatar da shi a 2024/25 saboda faɗa, na Ipswich da na Bournemouth, kuma a Wolves shi ne sarki kowa shi yake nema, a nan zai tarar da Bruno. Shi kansa Bruno da ya ƙi kuɗin Al Hilal ya zauna, in su biyun nan suka karɓe lamba goma dole ya koma tsakiya kusa da Ugarte ko Casemiro, Amad kuma ya koma gefe yana tsaron baya, abin da zai rage mana mutumin da ya ci Southampton uku cikin minti 12 ya kuma ci City a gidansu. Duk su biyun masu son a ba su a ƙafa ne su juyo su buga, saboda haka na gabansu ya zama mai ja musu difenda yana buɗe hanya, ba mai jiran su yi masa hidima ba. Wannan ma ya fi dacewa da Osimhen da Watkins fiye da sauran biyun.

Liverpool ba rana ɗaya ta haɗa gabanta ba, Firmino 2015, Mane 2016, Salah 2017, kowa ya zo tsakanin shekara 23 da 25 ya riga ya buga ɗaruruwan wasanni, babu wanda ya kai fam miliyan 40 a farashin farko. Mu muna son yin na shekara uku a wata uku, toh tunda haka ne aƙalla kar a haɗa da caca.

In ni ke da alƙalami ga yadda zan yi. Osimhen ne na farko, da sharaɗi biyu, a sayar da aƙalla uku cikin Garnacho da Rashford da Antony da Sancho kafin a taɓa shi, kuma shi da kansa ya yarda da albashin da bai wuce na Bruno ba, don in ya shigo a sama da kowa gobe duk wanda zai sabunta kwantiragi da nasa zai auna. In an same shi to ba a sayar da Hojlund, ba a ba da shi aro, shi zai riƙe wajen a watan kofin Afirka, sauran kakar kuma ya zauna yana kallon yadda ake yi yana shigowa a minti na 65 lokacin da difenda suka gaji, Zirkzee ya koma lamba goma inda dama can ya fi jin daɗi. Gyokeres sai in farashin ya sauko sosai kuma shi ya nuna yana so, Sesko kuwa a bar wa masu halin jira. Amma kar a zauna jiran Osimhen har ƙarshen Agusta kamar yadda aka yi wata uku ana bin De Jong a 2022 aka ƙare da sayen firgici bayan Brentford ta yi mana 4-0. A sa rana, in tsakiyar Yuli ta yi bai amsa ba a ɗaga waya a kira Villa, a sa Rashford a cikin maganar, a ba Watkins shekara uku ya tafi atisayen Amurka tare da Cunha da Mbeumo tun kafin a fara lig.